Sawu a Cikin Shuka

Jirgin ya faɗi ranar Alhamis da la'asar, hadari na gab da sauka, a kan tudun marmara da ke bayan filin jirgin Yamai. Ƙaramin jirgi ne mai kai magani garuruwan gabas, ya ɗauko marasa lafiya in zai komo. Mutum uku ne a ciki: matuƙin, wani saurayi mai suna Isaka, da ma'aikaciyar jinya Rut, da majinyacin da suka ɗauko daga Tawa. Ba wanda ya fita. Ruwan da ya zubo daga baya shi ya kashe wutar.

Kafin a gama jana'iza gari ya riga ya yanke hukunci. Shekarun farko ne bayan tafiyar Nasara, ana ta raɗe-raɗin masu shigowa da makamai ta kan iyaka, kowa na magana yana waiwaye. A kasuwa aka ce wani babba na gwamnati ne ya kamata ya hau jirgin, ya fasa. A bakin kogi aka ce an sace alamar jirgi. In ka tambayi mai faɗa mece ce alamar, wani ya ce fitila, wani ya ce na'ura mai waya, amma duk bakinsu ɗaya cewa hannun mutum ne ya yi aikin. Alamar kuwa ba komai ba ce illa tano uku, gangunan ƙarfe irin na mai, waɗanda matuƙa suka shafa wa farar ƙasa suka jera a daji don su riƙa gane inda za su juya.

Ajidan Abdulaye, wani hafsan jandarma, wanda aka ɗora wa binciken, ya aika a kira masa Tanko.

Tanko mutumin Arewa ne, daga wajen Dogon Dutsi, kuma bin sawu ne aikinsa tun yana gardi a zamanin Nasara. Ya bi ɓarayin raƙuma, ya bi masu gudun haraji, har matan da suka yi yaji ya sha binsu. Tafiya yake kai a sunkuye, maƙwabta na yi masa ba'a cewa ya fi sanin ƙafafunsu da fuskokinsu. Ba ya musu, don yana jin daɗin zancen. Mutum ne mai ji da kansa, in ka zauna da shi ba za ka tashi ba sai ya gaya maka ƙasa ba ta taɓa yi masa ƙarya ba.

Ajidan ya kai shi gindin tudun ya nuna da hannu ya ce a wajen nan gangunan suke. Tanko bai tambayi wanda ya ajiye su ba, bai kuma ce a nuna masa takamaiman wurin ba. Me zai tambaya, ga ƙasa a gabansa? Ya ɗan kewaya ya tarar da sawun amalanke mai tayar mota, da jakin da kofatonsa na baya ya tsage, da inda aka ja abubuwa uku a kan tsakuwa aka ɗora. Can ƙasa wajen gonaki kuma ya hangi sawun takalmi mai kauri yana kai da komo, ya adana shi a ransa. Ya bi jakin ta gefen gari har Gudel, kafin azahar ya tsaya a bakin wani lambu. Ga tano uku farare cike da ruwa tsakanin salati da tumatir.

Mai lambun, Yakuba, bai ko yi yunƙurin gudu ba. Ya ce ranar Juma'a da safe ya bi mutane kallon jirgin, ya ga ganguna yashe a daji ba mai su, ya ɗauko don ban ruwa. Aka sa masa ankwa yana rantsuwa. Matarsa Ramatu ba ta yi kuka ba, ba ta dubi jandarmomin ba ma. Tanko ta zuba wa ido.

"Baba, kai ka kawo su ƙofarmu," in ji ta. "Kai za ka maido mini shi."

A hanya Tanko ya gaya wa Ajidan cewa sawun amalanken na bayan ruwa ne, wato jirgin ya riga ya faɗi kafin Yakuba ya je wurin. Ajidan ya ce wannan ba ya wanke kowa. Mutum na iya kayar da su ranar Laraba ya ɓoye, ya komo ranar Juma'a ya kwashe. Manya sun matsa masa, suna son suna, ga shi kuma Allah ya ba shi. Kowa a Yamai ya san a irin shekarun nan wanda aka laƙaba wa sunan maƙiyin ƙasa ba ya komowa gidansa.

Washegari ya je gaisuwar mutuwa gidan Isaka. Uban mamacin, Baba Hasan, manomi ne daga wani ƙauye na wajen Doso, wanda ɗansa ya ɗauko bara ya kawo birni don ya huta. Isaka kaɗai gare shi. Da aka gaya masa ga wanda ya kama ɓarawon alama, tsohon ya riƙe hannun Tanko da hannu biyu, tafinsa duk kanta, ya yi ta sa masa albarka. Ya ce bai san mece ce alamar nan ba, bai kuma son sani, amma wanda ya taɓa ta ya kashe masa ɗa, kuma yana roƙon Allah ya bar shi da rai har ya ga an hukunta shi.

Suna zaune wani jirgi ya wuce. Tsohon ya katse magana ya ɗaga kai ya bi shi da ido har ya ɓace. Wata mata a gefe ta ce haka yake, ko salla ya idar in ya ji ƙarar jirgi sai ya leƙa sama. Tsohon ya ce ai da sungumi yake ɗaga wa yaron hannu, don shi zaman birni ya gagare shi, dole ya sami inda zai riƙa taɓa ƙasa. Da Tanko ya tashi, tsohon ya raka shi har ƙofa yana ɗingishi. Kurkunu ne ya ci masa ƙafar hagu tun yana saurayi. Tanko ya dubi sawunsa a kan yashi don sabo kawai: taki ɗaya dogo, ɗaya gajere.

Daga nan ya biya ta gidan kaso. Yakuba ya zabge kamar wanda ya yi wata yana jinya. Tanko ya sa shi ya sake ba da labarin tun daga farko, bai canza ko kalma ba. Gangunan a kwance ya same su, iska ta kayar da su, ba komai a ciki, shi kaɗai ya ɗora su a amalanke. Ya tambayi Tanko ko gaskiya ne za a kai shi wani wuri daban. Tanko ya ce bai sani ba, alhali ya sani.

Sawun takalmin nan mai kauri ne ya kai shi filin jirgi. Matuƙa na da wata rumfar kwano a gefen inda ake gyaran jirage, nan suke shan shayi. Ya tarar da biyu suna gardama, rabi Hausa rabi Faransanci. Ɗaya Dauda ne, ɗan wani malamin makarantar mishan na Dogon Dutsi, wanda ya tashi ya gaishe shi da harshen gida ya ba shi kujera. Ɗayan Mumuni, haifaffen Yamai, shi ne babba a cikinsu, bai ko ɗaga kai ba. Tanko ma ba fuskarsa ya zo gani ba.

Gardamar a kan Isaka ce. Mumuni ya ce yaron ya sauko ƙasa da yawa, ya ga ƙura ta taso, kamata ya yi ya fasa ya haura. Dauda ya ce ba a yi wa mamaci ƙarya, duk cikinsu ba wanda ya kai Isaka taka-tsantsan, mutumin da ko kujera zai zauna sai ya girgiza ta. Tanko ya ce shi dai bai san sama ba, su yi masa bayani yadda za su yi wa jakin Yakuba.

Dauda ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. Ya ajiye takalminsa ɗaya a ƙasa ya ce ga fili, ya kife kofin shayi can gaba ya ce ga tudu, ya ɗauki kwalin ashana ya ce ga jirgi. Jirgi, in ji shi, ba ya sauka iska na tura shi ta baya, sai ya fuskance ta, kamar yadda angulu ke yi. To in hadari ya taso iska ta juya, matuƙi zai sauko ƙasa-ƙasa har ya ga fili, ya bi gefensa ya wuce shi, sannan ya kewayo ya shigo ta ɗaya bakin. A cikin kewayen nan ake mutuwa, don jirgin na ƙasa, yana karkace, mutum kuma na waiwayen fili ta kafaɗa, ba ya duban gabansa. In ƙura ta rufe filin, ba abin da ya rage masa sai alamar ƙasa. Ka kai kan tano, ka juya. Kwalin ashanar ya kewayo ya wuce gaban kofin da ɗan tazara ya sauka a kan takalmin.

"Abin da ya hana ni barci ke nan, Baba," in ji Dauda. "In da an sace su, Isaka ya zo ya duba bai gani ba, sai shi haura shi sake shiri. Haka aka koya muna. Rashin alama ba ya kisa. Wanga yaro ya juya ne hankali kwance, kamar wanda ya ga abin da yake nema."

Tanko ya juya maganar a ransa, ya ji ta zauna. Sannan ya nuna ƙafar Mumuni da haɓa.

"Dugaduginka na dama ya cinye ta waje. Mi ka tahi nema cikin gonakin mutane ran Juma'a?"

Kowa a filin ya san Mumuni da Isaka sun yi watanni ba sa ga maciji, a kan wanda za a tura koyon babban jirgi, Dauda kuwa ya dubi abokinsa da wani irin ido. Mumuni ya ajiye kofinsa. Ya ce su daina dubansa haka. Shi ya ajiye gangunan da rani, da hannunsa. Ba sa cikin wani littafi, Baturen da ke shugabantarsu ma bai san da su ba, dabara ce tasu ta 'yan gida, da an ji da an hana. Da jirgin ya faɗi ya je ya duba, bai same su ba, shi ya sa ya kai ƙara. Abin da ke ba shi mamaki, yadda mutum ɗaya da jaki ya iya ɗaga su, alhali ya cika kowace da duwatsu don kada iska ta kayar.

"Duwatsu," in ji Tanko. Ya ji kunya ta kama shi tun daga wuya, irin wadda bai taɓa ji ba a kan aiki. An ce matambayi ba ya ɓata, shi kuwa girman kai ya hana shi tambaya. Ya miƙe. "Tashi ka gwada mini wurin."

Ba gindin tudu Mumuni ya kai su ba. Tun da sauran tafiya mai kyau ya tsaya, a tsakiyar wata doguwar gona da hatsi ya tsiro ya kai tsawon tafin hannu. Ya ce a nan ne, ko da yake da rani fili ne fetal ba a gane gona ce. Tanko ya durƙusa. Bai jima ba ya gano zobe uku na tsatsa a ƙasa, gara ta yi gini a gefensu, kusa da kowane kuma ga tulin duwatsu an tattara a tsanake. A tsakiyar zobe na biyu hatsi ya tsiro, tsayinsa ɗaya da na sauran gonar. Ke nan tun ranar shuka aka kawar da gangunan, bayan ruwan farko, tun Yakuba na Gudel yana ban ruwa da gwangwani. Kuma ba sace su aka yi ba. An zubar da duwatsun, an gangara su har ƙarshen gona, an jera su a kan tsakuwar gindin tudu inda ba a shuka.

Dauda ya tsaya a kan zoben ya dubi tudun. Ya miƙa hannu ya karkata shi a iska, ya sake, sannan ya sauke hannun. Ya ce daga nan in ka juya za ka wuce lafiya. Daga can kuwa, ko wane ne kai, tudun za ka tarar. Tun ranar shuka iska ba ta juya ba sai ranar Alhamis, Isaka ne na farko da ya bukaci alamar, ya kuwa same ta fara tas tana jiransa.

Suka tambayi juna gonar wane ne, ba wanda ya sani. Ruwan Alhamis ya share duk sawun da ke cikinta. Mumuni ya ce shi ke nan, sai a bi ƙauyuka ana tambaya. Tanko kuwa layin shuka yake kallo.

Wanda ya taɓa noma ya san yadda ake shukar hatsi. Mutum na tafe da sungumi, kowane taki ya sara rami ɗaya, a jefa iri a rufe da dugadugi. Tazarar rami da rami ita ce tazarar ƙafar mai saran, ba ya iya ƙara ta, ba ya iya rage ta. Ruwa ya wanke sawun mutumin, amma hatsi ya fito a duk inda ya taka. Tanko ya bi layi ɗaya da ido: tazara doguwa, tazara gajera, doguwa, gajera. Ya koma layi na gaba, haka. Ya ratsa gonar har ƙarshe yana neman layi ɗaya da zai ƙaryata shi, bai samu ba. Shekara da shekaru in ya gano sawu daɗi ke cika masa ciki. Ranar nan ji ya yi kamar ya haɗiyi ɗaya daga duwatsun Mumuni.

Matuƙan suka tambaye shi abin da ya gani. Ya ce rana ta yi zafi, su koma.

Tanko ya yi ƙoƙari, wannan kam ba mai musu. Ya je wa Ajidan da labarin zoben tsatsa da hatsin da ya tsiro a ciki, ya ce wani manomi ne ya kawar da su ba da mugun nufi ba, a saki mai lambu a bar zancen. Ajidan ba mugu ba ne, mutum ne mai tsoron na sama da shi. Ya ce ba zai shiga ofishin manya da zoben tsatsa a hannu ba. Za su ce wane manomi, in ba suna kuwa, to Yakuba ne manomin. An riga an ba da umarni a kai shi inda ake kai irinsu, mota kawai ake jira.

"In ka san mutumin, Baba Tanko, kawo shi. In ba ka sani ba, ka bar ni in yi aikina."

Tanko ya koma gida ya tarar da Ramatu zaune a ƙofarsa. Tun ranar da aka kama mijinta take zuwa, ba ta sallama, ba ta roƙo, ta zauna har magariba ta tashi. Ya wuce ta ya shiga, ya kasa cin tuwo. Tsoho mai ɗa ɗaya, ɗan ya mutu, abin da ya rage masa a duniya shi ne ƙin wani ɓarawo da bai sani ba. In an ƙwace masa wannan, me za a ba shi a madadinsa? Tanko ya sani sarai. Amma shi ya kai jandarma lambun Gudel da ƙafarsa, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ya fito ya ce wa Ramatu ta tafi gida ta shayar da salatinta kada ya bushe.

Da hantsi aka taru a gonar. Ajidan ya zo da babbar mota, Yakuba a baya da ankwa, gangunan uku na gefensa. Dauda da Mumuni suka zo. Baba Hasan kuwa Tanko ne ya je da kansa ya ɗauko shi, ya ce masa ana so ya ga abin da aka gano. Tun da motar ta bar babbar hanya tsohon ya fara dube-dube. Da aka sauke gangunan a gabansa ya ƙura musu ido. Ajidan ya ce ga alamar da ake faɗa. Tsohon ya dafa gefen motar.

Tanko ya nuna zoben da duwatsun, Dauda ya yi bayanin kewayen da hannu, a taƙaice. Sannan Tanko ya ce wanda ya shuka gonar nan shi ya kawar da gangunan, kuma ƙafarsa na nan a rubuce. Ya sa Yakuba ya bi layi yana taka gindin kowace shuka. Taki biyu ya yi ya rikice, dogon ya yi masa daidai, gajeren ya sa shi tuntuɓe. Mumuni ya gwada, shi ma haka. Ajidan ya fara gane inda aka dosa, ya dubi Tanko, Tanko ya dubi ƙasa.

Ba a kira sunan kowa ba. Baba Hasan ya saki motar ya tuɓe takalmansa ya shiga layin. Dogo, gajere, dogo, gajere, ƙafarsa na faɗawa gindin kowace shuka kamar an auna. Ya yi nisa kaɗan ya tsaya, ya juyo.

"Gonata ce," ya ce.

Ya ba da labarin da murya ɗaya, ba hawa ba sauka. Isaka ne ya roƙar masa aron gonar wajen mai garin da ke kusa, amma bai taɓa samun sukunin zuwa ya gan ta ba. Shi kuwa ya so ta ne don jirage na bi ta kanta. Da ruwan farko ya sauka ya zo shuka ya tarar da ganguna a tsakiya. Ya tambayi makiyaya na wane ne, ba wanda ya sani. Shuka ba ta jira, in ƙasa ta sha iska an yi hasarar shekara. Sai ya kwashe duwatsun, ya gangara su ɗaya bayan ɗaya zuwa inda ba su tare wa kowa komai ba. Da yake kayan mutane ne, ya jera su yadda ya same su, tazara ɗaya, fuska ɗaya, har ya goge musu laka da ganye don kada mai su ya zo ya ce an ɓata masa fenti.

Ya taka zuwa gaban Dauda.

"Ɗana, in da na bar su inda suke fa?"

Mumuni ne ya shiga tsakani ya ce laifin nasu ne, su suka ajiye kayansu a gonar mutane da rani kamar damina ba za ta zo ba, ba su gaya wa mai gari ba, ba su gaya wa kowa ba. In da kunne ya ji, da jiki ya tsira. Ya ce zai faɗi haka a gaban duk wanda ya tambaye shi, ko da aikinsa zai tafi.

"Na ji, Allah shi yi maka albarka," in ji tsohon. "Amma ba shi na tambaya ba."

Dauda ya cire hularsa. "Da ya sauka, Baba."

Tsohon ya gyaɗa kai, kamar wanda aka gaya wa farashin da ya riga ya sani. Ya je wurin Yakuba ya durƙusa a kan ƙafarsa mai lafiya, ya ce ya yi kwanaki yana roƙon Allah ya hallaka shi, ya yafe masa. Yakuba ya fashe da kuka ya kama shi da hannuwansa masu ankwa yana ƙoƙarin ɗaga shi. Ajidan ya kwance ankwar. Baba Hasan ya miƙa masa nasa hannuwan biyu. Ajidan ya dubi hannuwan, ya dubi ankwar, ya tura ta aljihu ya ce shi an aiko shi neman maƙiyin ƙasa ne, bai kuwa ga ko ɗaya a nan ba, abin da zai rubuta ke nan.

Tanko ya matso. Ya tanadi maganganu tun jiya, na ƙaddara da na haƙuri, duk suka watse. Abin da ya fito kawai shi ne, "Ɗan'uwa, ka gafarce ni." Tsohon ya ce ba komai, aikinsa ya yi, kuma ya iya shi. Tanko bai taɓa jin yabon da ya yi masa ciwo kamar wannan ba.

Aka ce a hau mota. Baba Hasan ya ce su tafi, shi zai tsaya, ciyawa ta fara cin gonar. Ya sunkuya a layin da yake tsaye ya fara cire ta da hannu.

A lokacin ne ƙarar jirgi ta taso daga gabas. Ya zo ƙasa-ƙasa ya bi ta kan gonar, inuwarsa ta ratsa shukar. Matuƙan suka ɗaga kai, Ajidan ya ɗaga, Yakuba ma ya ɗaga yana share ido. Tanko, wanda ya ƙare rayuwarsa yana duban ƙasa, shi ma ya ɗaga nasa, don ya gaji da abin da ƙasa ke gaya masa. Da ya sauke ido ya ga Baba Hasan na nan sunkuye yana cirar ciyawa, bai ko motsa kai ba har ƙarar ta ɓace.